Rahoton Kankana: Manhajar Tsara Ayyuka da Matsalar Faɗin Gaskiya a Manyan Hukumomi

Ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin Healthcare.gov, wanda aka tsara domin 'yan ƙasar su riƙa sayen inshorar lafiya a ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya rattaba wa hannu a 2010. An kwashe fiye da shekara uku ana shiri, kamfanoni masu yawa sun karɓi kwangila, an kuma kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Amma takardun cikin gida da Majalisar Wakilai ta fitar daga baya sun nuna cewa mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Aikin bai rasa jadawali ba, bai rasa tarurruka da rahotanni ba, bai kuma rasa ƙwararru ba. Abin da ya rasa shi ne hanyar da labari marar daɗi zai bi ya isa kunnen mai ikon yanke hukunci tun da sauran lokaci.

Wannan darasi ya cancanci nazari a yau, domin hukumomi da manyan kamfanoni, har da jami'o'i, suna ta sayen manhajojin tsara ayyuka irin su Jira, Asana, Trello da Microsoft Project, da fatan za su zame musu rigakafin irin wannan abin kunya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne manhajojin suna da amfani na haƙiƙa, sai dai amfaninsu bai wuce gaskiyar abin da mutane suka shigar cikinsu ba. Duk hukumar da ta sayi manhaja ba tare da ta gyara yadda ƙarami ke faɗa wa babba gaskiya ba, ta sayi madubi ne mai tsada wanda zai nuna mata fuskar da take so ta gani.

Wane irin aiki ne ake tsarawa?

Akwai bambanci tsakanin masu ƙirƙirar manhaja da masu girka ta. Tawagar girkawa ita ce wadda ake ɗora wa nauyin ɗauko babban tsari da wani kamfani ya riga ya gina, kamar na SAP ko Oracle, ta zaunar da shi a cikin wata hukuma har ya zama shi ne ake biyan albashi da shi, ko lissafin kuɗi, ko rajistar ɗalibai, ko ajiyar bayanan marasa lafiya. Aikinta yakan fara da nazarin yadda hukumar take gudanar da harkokinta, sai saita manhajar, sai kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon tsari, sai haɗa shi da bankuna da sauran tsare-tsare, sai gwaji, sai horar da ma'aikata, sannan ranar kunnawa.

Wahalar wannan aiki tana cikin yawan iyayen gidansa. Ga kamfanin da ya sayar da manhajar, ga ɗan kwangilar da zai girka ta, ga kuma ma'aikatan hukumar waɗanda aka ƙara wa wannan nauyi a kan aikinsu na yau da kullum. Kowane ɓangare yana da shugabansa da abin da yake tsoro. Ɗan kwangila yana tsoron a riƙe masa kuɗi, darakta yana tsoron a ce sashensa ne ya jawo jinkiri, ƙaramin ma'aikaci kuma yana tsoron fushin darakta. Ayyukan kansu a sarƙe suke: ba za a gwada lissafin albashi ba sai an tace sunayen ma'aikata, ba za a tace sunayen ba sai sashen kula da ma'aikata ya miƙa fayil, shi kuma ba zai miƙa ba sai an yanke hukuncin yadda za a yi da waɗanda takardunsu suka saɓa wa juna. Jinkirin mako ɗaya a farkon wannan sarƙa yakan zama na wata guda a ƙarshenta.

Daga zanen takarda zuwa allon kwamfuta

Dabarun da ke cikin manhajojin yau sun girme su nesa ba kusa ba. A farkon ƙarni na ashirin injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa zanen da ake kira da sunansa, inda ake jera ayyuka a gefe, a ja wa kowanne layi gwargwadon kwanakin da zai ci. A 1957 masana daga kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da ba su ɗaukar jinkiri, wato waɗanda idan ɗayansu ya makara, aikin gaba ɗaya ya makara. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka ta yi amfani da wata hanya makamanciyarta mai suna PERT wajen ƙera makamin Polaris. A can Japan kuma, kamfanin Toyota ƙarƙashin jagorancin Taiichi Ohno ya bunƙasa tsarin kanban, inda kati ke bin kaya daga mataki zuwa mataki, kuma ba a fara sabon aiki sai an sami gurbinsa. Sai kuma a watan Fabrairun 2001, lokacin da masu rubuta manhaja su goma sha bakwai suka haɗu a jihar Utah suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita aiki a gajerun zangon lokaci da gyara shiri a kai a kai.

Kamfanonin manhaja sun ɗebi waɗannan dabaru suka zuba su a kwamfuta. Microsoft Project ya fito a 1984 ɗauke da zanen Gantt. Kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fitar da Jira a 2002. An kafa Asana a 2008, Trello kuma ta bayyana a 2011 da allon katuna irin na Toyota, kafin Atlassian ya saye ta a 2017 kan dala miliyan 425. Duk bambancin kamanninsu, tambayoyi huɗu suke son amsawa: mene ne aikin, wa ke da shi, yaushe ne wa'adinsa, kuma me yake jira kafin ya motsa.

Ba ƙaramin alheri ba ne samun amsar waɗannan tambayoyi a wuri guda. Tawagar da ke da ayyuka dubu biyu a hannun mutum tamanin ba za ta iya riƙe su a ka ba, kuma saƙonnin WhatsApp da tarin takardun Excel da kowa ke da nasa kwafin sukan haifar da gardama a kan wanne ne na ƙarshe. Manhaja tana adana tarihin kowane aiki, tana lissafa tasirin jinkiri nan take, tana kuma sa sabon ma'aikaci ya gaji aiki ba tare da ya dogara da ƙwaƙwalwar wanda ya tafi ba. Wanda ya musanta wannan bai taɓa neman wata tsohuwar shawara a cikin saƙonni dubu ba.

Kore a waje, ja a ciki

Yawancin waɗannan manhajoji suna taƙaita wa shugabanni halin da ake ciki da launi uku: kore idan komai na tafiya daidai, ruwan ɗorawa idan akwai damuwa, ja idan an shiga matsala. Masu wannan sana'a suna da wani suna da suke kiran aikin da allonsa ke nuna kore alhali cikinsa ya yi ja: kankana. Yadda kankana ke samuwa sananne ne. Ma'aikaci ya san aikinsa ya tsaya, amma sai ya rubuta cewa ya kai kashi tamanin cikin ɗari, da fatan zai cike giɓin kafin a lura. Shugaban sashe ya ga ja biyu a cikin ashirin, sai ya kai rahoton ruwan ɗorawa. Mai kula da aikin gaba ɗaya ya haɗa rahotannin sassa goma, sai ya miƙa kore. Babu wanda ya shirga ƙarya a cikinsu. Kowa ya ɗan sassauta ne kawai, kuma sassaucin ya taru har ya zama ƙarya.

Haka ta faru a aikin Healthcare.gov. Watanni kafin buɗewa, kamfanin McKinsey ya gabatar wa jami'an gwamnati gargaɗi cewa lokacin gwaji bai isa ba, kuma babu mutum ɗaya da ke riƙe da ragamar yanke hukunci. Bayan abin ya faru, 'yan kwangila sun shaida wa majalisa cewa gwajin tsarin a haɗe, daga farko zuwa ƙarshe, sai a makonnin ƙarshe aka yi shi. Rahoton babban mai binciken Ma'aikatar Lafiya ta Amurka na 2016 ya ɗora babban laifin a kan rashin shugabanci bayyananne da rashin ɗaukar mataki a kan gargaɗin da aka yi ta yi. Kowane ɗan kwangila yana iya nuna cewa ya cika nasa ɓangaren, amma an fafe gora ne ranar tafiya.

Abin lura shi ne yadda aka ceto aikin. An ɗora Jeffrey Zients a kan gyaran, an naɗa kamfani ɗaya ya zama jagoran sauran 'yan kwangila, sannan injiniyoyi suka riƙa haɗuwa sau biyu a rana suna faɗin abin da ya lalace ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Cikin kimanin wata biyu shafin ya fara yi wa mafi yawan masu shiga aiki. Abin da ya sauya shi ne an san mai aikin, kuma faɗin matsala ya daina zama abin tsoro.

Kamfanin alewa na Hershey ya riga ya sha irin wannan ɗaci a 1999. Ya matse jadawalin girka manyan tsare-tsare uku a lokaci guda, ya kunna su a tsakiyar shekara daidai lokacin da odar bikin Halloween ke shigowa, sai ya kasa kai wa 'yan kasuwa kayan da suka kai kimanin dala miliyan 100, alhali kayan suna jibge a rumbunansa. Jadawalin da aka tsara daga ranar da shugabanni suke so, aka dawo da baya ana matse kowane mataki, yakan yi kyau a allo. Gwaji da horarwa, da yake su ne a ƙarshe, su ake yankewa idan wuri ya ƙure.

Hukuncin da ba ya shiga kati

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi ta rahoto zurfi. Manhajar tsara ayyuka ta ƙware wajen bin diddigin abin da za a yi, amma manyan ayyukan girkawa sukan mutu ne a kan abin da aka kasa yanke wa hukunci. Babbar tambayar kowane irin wannan aiki ita ce: hukuma ce za ta sauya al'adarta ta bi manhaja, ko manhaja za a lanƙwasa ta bi hukuma? Kamfanin manyan shaguna na Lidl da ke Jamus ya fara girka sabon tsarin kula da kaya bisa manhajar SAP a 2011. Lidl ya saba lissafa kayansa da farashin saye, ita kuwa manhajar an gina ta ne bisa farashin sayarwa. Kamfanin ya zaɓi a lanƙwasa manhajar, aikin ya yi ta kumbura, har aka dakatar da shi a 2018 bayan an kashe kimanin yuro miliyan 500. An rufe dubban katunan aiki a cikin shekara bakwai ɗin, amma dukkansu suna zaune ne a kan shawara ɗaya da ba ta yi daidai ba.

Malaman jami'o'in Nijeriya ba sa buƙatar a kai su Jamus kafin su fahimci wannan. Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, wanda gwamnatin tarayya ta fara amfani da shi a 2007, an kawo shi ne da manufa mai kyau ta kawar da ma'aikatan bogi. Da aka zo shigar da jami'o'i, ƙungiyar ASUU ta ce tsarin bai san da malamin da ke hutun bincike a wata jami'a ba, ko malami mai ziyara, ko 'yancin majalisar gudanarwar jami'a na ɗaukar ma'aikata, har ta gabatar da nata tsarin mai suna UTAS. Batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, kuma a watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, a fili yake cewa saɓanin na iko ne da fahimtar yanayin aiki, kuma babu allon da zai warware shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tawagar da ba ta zauna da masu ɗakin tun farko ba za ta iya cika kowane wa'adi, ta kuma miƙa abin da ba za a karɓa ba.

Harshen rahoto

A nan ne manazarta harshe suke da abin cewa. Kowane harshe yana da mafakar da mai magana ke shiga idan ba ya son ambaton wanda ya yi ko ya ƙi yin abu. A Hausa, babbar mafakar ita ce lamirin da wasu masana nahawu ke kira mutum na huɗu: an yi, ana yi, za a duba, ba a samu dama ba. Akwai kuma aikatau 'yan aji na bakwai a rabon Parsons, waɗanda ke ba da labarin sakamako ba tare da mai aikatawa ba: bai kammalu ba, bai gyaru ba, ba zai yiwu ba. Waɗannan sigogi ba aibi ba ne. Da su ake kiyaye mutunci, da su ƙarami ke sanar da babba kuskure ba tare da ya nuna shi da yatsa ba. Amma katin aiki yana da gurbi ɗaya na suna da gurbi ɗaya na rana, kuma "ana kai" ba ta shiga ko ɗaya daga cikinsu.

A ma'aikatu da yawa na arewacin Nijeriya, allon yana cikin Ingilishi, amma ainihin maganar aiki da Hausa ake yin ta, a baranda ko a waya bayan an tashi daga taro. A can ne ake jin cewa fayil ɗin yana kan teburin wani babba mako uku ke nan, kuma babu mai iya tuna masa. Wannan labari ba ya hawa allo, domin rubuta sunan babba kusa da jan launi yana kama da rashin kunya. Saboda haka kankana a irin wannan wuri ba lalle ne ta fito daga rashin gaskiya ba. Sau da yawa ladabi ne ke haifar da ita. Maganin kuwa yana hannun babban: shi ne zai fara sa sunansa a kan katin hukuncin da ake jira daga gare shi, ya bari ya yi ja a gaban kowa idan ya makara. Idan na sama ya yi haka, na ƙasa ya sami izinin faɗin gaskiya ba tare da ya keta alfarmar kowa ba.

Haka kuma Hausa tana da arzikin kalmomin matakin aiki wanda ya fi launi uku bayani: an soma, an yi nisa, an ci ƙarfinsa, saura ƙiris, an gama, an miƙa, an karɓa. Tazarar da ke tsakanin "an gama" da "an karɓa" ita ce inda ayyukan girkawa da yawa suke faɗawa, domin mai saita manhaja yana ganin ya gama ranar da ya rufe kwamfutarsa, shi kuwa akanta bai ga an gama ba sai albashin wata ya fita daidai. Tawagar da ta zauna ta amince a kan ma'anar "gamawa" ga kowane irin aiki, da harshen da ma'aikatanta suke tunani da shi, ta yi rabin abin da manhaja ba za ta yi mata ba. Sassan nazarin Hausa da suka daɗe suna aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha suna da fili a nan, na nazarin yadda ake ba da rahoto da karɓar umarni a ofis, fiye da fassara sunayen maɓallai kawai.

Abin da masu suka ke cewa

Masu ƙyamar waɗannan manhajoji suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Na farko, suna iya zama kayan leƙen asirin ma'aikata. Kuma da zarar an fara auna mutum da yawan katunan da ya rufe, sai ya koyi yanka aiki ƙanana-ƙanana yana rufewa, ya guji mai wuya. Na biyu, cika allo kansa aiki ne, kuma idan gurabun da za a cike suka yi yawa, dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Na uku, yawancinsu ana biyan kuɗinsu ne da dala, kan kowane mutum a kowane wata, abin da ya ƙara nauyi ga hukumomin Nijeriya tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023. Na huɗu, bayanan da ake zubawa a ciki sukan zauna a rumbunan wasu ƙasashe, alhali Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje.

Waɗannan hujjoji suna nuna yadda ya kamata a zaɓa, ba su nuna a koma wa takarda da ƙwaƙwalwa ba. Akwai manhajoji na kyauta masu buɗaɗɗen tushe, irin su Redmine da OpenProject, waɗanda hukuma za ta iya ɗorawa a kan na'urorinta. Kowace aka ɗauka, tambayoyin da suka kamata kwamitin saye ya yi kaɗan ne. Shin kowane aiki yana da mai shi guda ɗaya, mutum mai suna ba sashe ba? Shin ɗan kwangila da ma'aikatan hukuma allo ɗaya suke kallo, ko kowa da nasa? Shin akwai wurin rubuta hukuncin da ake jira, da wanda zai yanke shi, da ranar da aka fara jira? Shin shugaba yana iya gangarawa daga launin da aka nuna masa har zuwa katin ƙaramin ma'aikaci ba tare da wani ya tace masa ba? Shin tana aiki a wayar hannu da intanet mai rauni? Manhajar da ta amsa waɗannan ta wadatar, ko da ba ta da sauran ƙyale-ƙyalen da 'yan talla ke nunawa.

Kammalawa

Jami'o'i da ma'aikatu za su ci gaba da girka manyan tsare-tsare, kuma abin da ke cikin haɗari a kowane lokaci shi ne albashin ma'aikaci, sakamakon ɗalibi da fayil ɗin majinyaci. Manhajar tsara ayyuka za ta taimaka wa tawagar da ke wannan aiki ta tuna, ta lissafa, ta kuma ga sarƙar ayyukanta a dunƙule. Sauran nauyin yana kan shugabanni. Wanda ya fara kawo jan rahoto a taro, yadda aka karɓe shi shi zai nuna wa sauran ko su faɗi gaskiya ko su yi shiru. Idan aka tsawata masa, allon zai koma kore daga wannan rana har zuwa ranar kunnawa, ranar da masu karɓar albashi da ɗalibai za su gano abin da tawagar ta daɗe da sani. Idan kuwa aka tambaye shi me yake buƙata, aka kuma ba shi kafin taro na gaba, to hukumar ta sami abin da ta biya kuɗin manhajar dominsa.